Ban taɓa aiki a ICU ba, zan iya karantar jinyar masu tsananin ciwo?

Rahama
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Ni nas ce, a Birnin Kudu na yi karatu, yanzu ina aiki a babban asibitin ƙaramar hukumarmu, ɗakin mata. In hannu ya yi ƙaranci akan jefa ni ɗakin haihuwa ko na gaggawa. Tun ina makaranta raina ke son ɓangaren masu tsananin ciwo, irin waɗanda ake kwantarwa a ɗakin kulawa ta musamman, wato ICU. To asibitinmu ba shi da ICU, ban taɓa aiki a cikinsa ba, bentileta ma, wato injin da ke yi wa mara lafiya numfashi, rabona da ita tun zagayen da aka kai mu muna ɗalibai.

Shin makarantar fos-besik, wato ta ƙarin karatun ƙwarewa bayan an zama nas, ta wannan fanni za ta ɗauki wadda ba ta taɓa aikin ICU ba? In ma ta ɗauka, zan iya, ko wahalar banza zan sha? Sannan ina ganin ana ta maganar NP a intanet, nas ɗin da ke duba mara lafiya ta rubuta masa magani da kanta a ICU. Akwai hanyar zama irin wannan daga inda nake?

Auwalu
Wa alaikumus salam Sista. Kin riga ni ne, ni ma abin na raina. Na kasa kunne.

Malam Nasiru
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na daɗe a ICU a nan Kano, zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗin ji ba.

Maganar ɗauka ba ita ce mai wuya ba. Akwai makarantar fos-besik ta wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, akwai kuma a Jos. Abin da makarantun fos-besik ke fara dubawa shi ne rajistarki ta nas, lasisin da bai ƙare ba, sakamakon sakandare, da shaidar kin yi aiki bayan kin gama makaranta. Sai jarrabawar shiga da intabiyu. Ki karanta fom ɗin shekarar da za ki nema da idonki, kada ki dogara da abin da wani ya ce miki, sharuɗɗan kan canja.

Amma shiga daban, iyawa daban. Bari in nuna miki dare ɗaya a wajenmu. Mara lafiya ɗaya ne naki, in abu ya yi yawa biyu. Yana kan bentileta, an zura masa roba ta baki har maƙogwaro. Jininsa ba ya tsayawa da kansa sai da maganin ɗaga jini na noradirenalin da famfon sirinji ke tura masa kaɗan-kaɗan. Wannan magani cikin minti 2 zuwa 3 ƙarfinsa ke gushewa a jiki, saboda haka in sirinjin ya ƙare kina can kina neman wani, kafin ki dawo jinin ya yi ƙasa. Dole tun da saura kin haɗa na biyu yana jira. Ana cikin haka bentileta ta hau ƙara, lambar oksijin a monita tana sauka, 94, 90, 86. 'Yan daƙiƙu gare ki ki gane: robar ce ta goce, majina ce ta toshe ta, huhun ne ya ɓule iska ta taru a ƙirji, ko injin ne ya samu matsala? Wanda ya saba, hannunsa ke riga kansa aiki. Zai cire mutumin daga injin, ya ɗauki ambu, wato jakar ba da numfashi, ya riƙa matsa masa iska da hannu, sannan ya nemi dalili. Wanda bai saba ba injin yake tsayawa kallo, yana danna maɓalli don ƙarar ta yi shiru, mara lafiya kuwa yana tafiya.

Wannan ba a aji ake koyon sa ba. Ba a koyon iyo a tudu. Shawarata, ki nemi canji zuwa asibitin da ke da ICU, ki yi ko da shekara ɗaya, sannan ki tafi karatun.

Rahama
Na gode Yaya Nasiru. Jikina ya ɗan yi sanyi, amma gara da ka faɗa.

Ummi Ungozoma
Malam Nasiru, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda da rabin maganarka ba. Canjin da kake cewa ta nema, wa zai ba ta? Asibiti nawa ne a duk Jigawa ke da ICU mai aiki? In ka cire Dutse da Birnin Kudu sai ka yi ta lalube. Ka ce wa yarinya sai ta yi ICU kafin ta karanci ICU, alhali ba za a kai ta ICU ba sai tana da takardar, ai ka rufe mata ƙofa ke nan ta gaba da ta baya.

Kuma ina so Rahama ta daina cewa ba ta taɓa jinyar mai tsananin ciwo ba. Rahama, ki tuna daren da aka kawo miki mai ciki tana jijjiga, an ɗauko ta a bayan a-kori-kura, ta tauna harshe. Me kika yi? Kin kwantar da ita ta gefen hagu, kin share bakin, kin sa kanula, kin ba ta magniziyam salfet giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu. Kin sa robar fitsari. Daga nan ba ki ƙara zama ba. Kafin kowace allura ta gaba kin ƙirga numfashinta ki ga bai gaza 16 a minti ba, kin bugi gwiwarta ki ga ƙafar na harbawa, kin ɗaga jakar fitsari kin haska da fitilar waya ki ga ko ya kai mil 30 a awa. Kalsiyam gulukonet, makarin magniziyam ɗin, na aljihunki don ko numfashi ya tsaya. Duk wannan ke kaɗai, ga wasu mata 20 a ɗakin, ga dangi sun cika baranda suna salati.

Malam, wannan me sunansa in ba jinyar mai tsananin ciwo ba? Ku monita ke ƙirga muku. Mu da yatsa da ido da agogo muke yi.

Auwalu
Anti Ummi ta gama magana wallahi.

Malam Nasiru
Hajiya Ummi, ban raina aikinku ba, Allah ya sani. Marasa lafiyar da kuke turo mana da ransu, ku kuka riƙe su har suka iso. Amma kada mu haɗa abu biyu. Gane mai jijjiga da ba ta magniziyam fanni ɗaya ne, kin yi shi sau ba adadi har ya zauna miki. A ICU mutum ɗaya ne huhu ya gaza, ƙoda ta tsaya, jini ya faɗi, kuma duk abin da kika taɓa a ɗaya sai ya motsa ɗayan. Ki ƙara masa ruwa don jini ya hau, huhu ya cika. Ki ƙara ƙarfin iskar bentileta don oksijin ya hau, jini ya sauka. Wannan lissafin ne nake cewa sai an tsaya kusa da wanda ya iya.

Likita Bashir
Salamu alaikum. Ni likita ne a wani asibitin karkara a Kano ta arewa, matata nas ce, ita ta sa ni a zauren nan. Ku ba ni dama in sa baki.

Akwai wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2025, an yi shi a asibitoci 180 a ƙasashen Afirka 22. An duba duk manyan da ke kwance a rana ɗaya. Aka samu kusan mutum 1 cikin 8 yana cikin tsananin ciwo, wato numfashinsa, ko jininsa, ko hankalinsa ya kai matakin haɗari. Cikin waɗannan, 1 cikin 5 ya rasu kafin kwana 7. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusan kashi 2 cikin 3 na masu tsananin ciwon nan ba a ICU suke ba, a ɗakin kwanciya na kowa da kowa suke, irin wanda Rahama ke aiki a ciki. Kuma da yawansu ba sa samun ko abubuwan farko masu araha, irin su oksijin, ƙarin ruwa, da gyara kwanciyar wanda ya suma don kada harshe ko amai ya toshe masa hanyar iska.

Saboda haka ni a ganina tambayar ba ita ce ko Rahama ta cancanci shiga ICU ba. Masu tsananin ciwon suna wajenta tun tuni. Abin da muke nema a karkara shi ne nas ɗin da za ta shiga ɗaki ta hango gado na 7 ta ce wannan numfashinsa ya kai 32, a kawo oksijin, a kira likita yanzu, ba sai da asuba an tarar ya yi sanyi ba. In karatun nan zai ba mu irin wannan nas, to ta tafi, ko ba ta taɓa ganin bentileta ba.

Malam Nasiru
Likita, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ba shi ta tambaya ba. Cewa ta yi tana son ICU.

Likita Bashir
To ai ICU ɗin ma da waɗanda ba su taɓa yin sa ba aka fara shi, Malam. A 1952 annobar shan inna ta faɗa wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, mutane na mutuwa saboda numfashi ya shanye, injinan da ke akwai ba su kai ko'ina ba. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya kawo shawarar a huda maƙogwaro a sa roba a riƙa matsa iska da hannu. Ɗaliban likitanci sama da 1,000 aka ɗebo suna karɓa-karɓa dare da rana, suna matsa jaka. Mutuwar ta sauko daga sama da kashi 80 cikin 100 zuwa wajen 40. A shekarar da ta biyo baya, 1953, ya buɗe ɗakin da ake ɗauka shi ne ICU na farko.

Malam Nasiru
Na san labarin, kuma ni yake goya wa baya. Ɗaliban nan aiki ɗaya aka ba su, kuma akwai manya a kansu suna zagayawa. Ba a ba su takarda aka ce su je su riƙe ɗaki su kaɗai ba. Abin da nake tsoro ke nan. Rahama za ta dawo da takarda, a ce ai ga ƙwararriya, a sayo bentileta 2 a ajiye mata, ba likitan sa barci, ba na'urar auna iskar jini, ba wutar da za ta kwana. Ranar da aka rasa rai ita za a nuna.

Anti Zainab
Sannunku da muhawara. Sai yanzu na tashi daga aiki, dare ne a nan. Rahama 'yar ƙanwata, bari in amsa miki ɓangaren NP tunda a Amurka nake aiki, kuma a nan abin ya samo asali.

Da farko ki sani NP matsayi ne na dokar ƙasar nan da wasu ƙasashe irin su Kanada. A 1965 aka fara shi a Jami'ar Kolorado, wata nas mai suna Loretta Ford da wani likitan yara Henry Silver suka kafa shi, kuma dalilinsu zai ba ki sha'awa: yaran karkara ne ba su da likita. A Najeriya babu wannan matsayi da irin wannan ikon a tsarin aikin gwamnati. Fos-besik zai sa ki zama nas ƙwararriya a jinyar masu tsananin ciwo, Hukumar Nas da Ungozoma ta yi miki rajista a kai, amma ba zai mai da ke NP ba. Kada wani ya ruɗe ki.

A nan hanyar tana da tsawo. Sai kina da digirin farko na jinya, ki ci jarrabawar lasisin nas ta NCLEX ki samu lasisin jiha, sannan ki yi digiri na biyu ko na dakta a fannin masu ciwo mai tsanani, na manya daban na yara daban, ki yi ɗaruruwan awoyi a asibiti ƙarƙashin mai koyarwa, ki sake cin wata jarrabawar. Game da tambayarki kuwa, makarantun sun bambanta. Wasu sai kin yi ICU, wasu za su karɓi aikin ɗakin gaggawa ko wani ɗakin masu ciwo mai nauyi. Inda ba sassauci shi ne karatun nas mai sa barci, wannan dole sai kin yi aƙalla shekara 1 a ICU.

To amma ga abin da idona ya gani. Waɗanda suka zo ba su taɓa ICU ba suna cin jarrabawa lafiya lau, wasu ma sun fi kowa maki. Shekararsu ta farko a bakin aiki ce ke zama azaba. Za ki rubuta umarni, nas ɗin da ta shekara 15 a ɗakin ta dube ki ta ce wannan ba zai yiwu a wannan mara lafiyar ba, kuma ita ce da gaskiya. Masu hankali a cikinsu sukan sauke kai su koya daga nas-nas ɗin, su kuma fita da kyau. Masu girman kai ba sa daɗewa. Saboda haka ina tare da Malam Nasiru a kan cewa sai an taɓa da hannu, ina kuma tare da Ummi a kan cewa ba daga sifili za ki fara ba. Nas ɗin da ta iya gane mara lafiya na lalacewa ba tare da monita ba, wallahi a nan ma zinariya ce.

In har NP ɗin ne a ranki ko da nan gaba, ki fara da digiri. Jami'ar Bayero na yin digirin jinya. Wannan ba zai taɓa zama asara ba ko kin fita ko ba ki fita ba.

Rahama
Allah ya saka da alheri Anti. Ni gaskiya fita waje ba ta gabana yanzu, iyayena sun tsufa, ga yara. Sunan ne na gani ya burge ni, na ɗauka abu ɗaya ne da fos-besik. Yanzu na gane.

Auwalu
Anti Zainab, akwai wani talla da nake gani a Facebook, wai kwas na wata 3 ta intanet, su ba ka satifiket na ƙwararre a ICU, har da NP a jiki. Kuɗin ma ba yawa. Ya kike gani?

Anti Zainab
Auwalu ka riƙe kuɗinka. Babu NP na wata 3 a duniya.

Mama Asabe
Auwalu ɗana, ka ji abin da ta faɗa maka. Duk makarantar da ba ta cikin jerin waɗanda Hukumar Nas da Ungozoma ta Najeriya ta amince da su, takardarta ba za ta shiga fayil ɗinka ba, ba ƙarin girma, ba rajista. Jerin na nan a shafinsu, ka duba kafin ka biya ko sisi. Kwas na intanet don ƙarin sani ba laifi, amma a san sunansa ƙarin sani.

Rahama 'yata, na yi shiru ne ina karanta ku. Na riƙe ɗakuna a asibitocin karkara har na yi ritaya, na kuma sa hannu a takardar tafiya karatu ta yara da yawa. Akwai abin da duk ba su taɓo ba.

Na farko, kada ki kuskura ki tafi ba da izinin karatu a rubuce ba. Ki bi ta hannun incaj ɗinki, wato mai kula da ɗakinku, zuwa shugabar nas, zuwa sama, ki riƙe kwafin kowace takarda. Na ga waɗanda suka tafi da alƙawarin baki, suka dawo albashi ya tsaya, aka ce sun gudu daga aiki. Za su sa ki sa hannu cewa za ki dawo ki yi musu aiki na wasu shekaru, ki karanta kafin ki sa.

Na biyu, mai gidanki. Gwagwalada ba nan kusa ba ce, kuma karatun ba na je-ka-ka-dawo ba ne, akwai kwanan asibiti. Ku zauna ku yi maganar tun yanzu, wa zai riƙe yara, ina za ki sauka. Kada sai takardar shiga ta fito ki fara roƙo.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Yarinya takan tafi ta koyo abu mai kyau, ta dawo a mayar da ita ɗakin da ta baro, ba kayan aiki, bayan shekara 2 hannun ya mutu. Ko kuma birni su gan ta su ɗauke, mu a ƙauye mu koma gidan jiya. Ban ce kada ki tafi ba. Cewa nake ki san me za ki dawo ki yi. In kin dawo, ki nemi a ware miki gado 4 kusa da teburin nas, a sa silindar oksijin da konsantireta, wato injin tace oksijin daga iska, a wurin, da abin auna oksijin na yatsa, da na sukari, da injin tsotse majina, da ambu. Duk wanda ya fi kowa jin jiki a asibitin a kawo shi nan, a riƙa auna shi kowace awa ana rubutawa. Wannan ba ya buƙatar bentileta, kuma rayukan da zai tsayar sun fi ƙarfin lissafi. Ki kuma koya wa na ƙasa da ke, har masu shara su san in mutum na numfashi da ƙyar a kira nas da gudu.

Likita Bashir
Mama, Allah ya ƙara lafiya. Wannan gado 4 da kika faɗa shi ne duk abin da nake ta kewaye-kewaye a kai. Ko Majalisar Lafiya ta Duniya a taronta na 2023 ta zartar da ƙuduri cewa kulawar gaggawa da ta masu tsananin ciwo da tiyata su shiga tsarin lafiya tun daga ƙasa, ba a manyan asibitoci kaɗai ba.

Ummi Ungozoma
Kuma ana yi a ƙauye in an so. Ku dubi Jahun, tun 2008 ƙungiyar likitocin MSF ke aiki da asibitin a kan haihuwa da yoyon fitsari, mata masu jijjiga da zubar jini daga ko'ina can ake kai su, kuma 'ya'yanmu ne nas-nas da ungozomomin da ke riƙe da su. A bakin aiki suka koya.

Malam Nasiru
A bakin aiki, Hajiya. Kin dawo kan maganata.

Ummi Ungozoma
A bakin aiki a ƙauye, Malam, ba sai an yi canji zuwa Kano ba!

Shugaban zaure
Jama'a a yi haƙuri da juna, kowa alheri yake nufi. Malam Nasiru, tunda kai ne a ciki, in canjin bai samu ba, me za ta yi? Ka ba ta abin da za ta riƙe.

Malam Nasiru
To shi ke nan. Na ji maganar Hajiya Ummi cewa canji ba a hannun Rahama yake ba. Amma ban janye cewa kada ta shiga aji ba ta taɓa tsayawa a kan mai bentileta ba.

Ƙanwata, ga abin da zai yiwu. Ki nemi asibitinku ya rubuta miki takarda zuwa wani asibiti mai ICU, a ba ki izinin zuwa koyon aiki na 'yan makonni, ko da a hutunki na shekara ne. Ana yi, ba sabon abu ba ne. In kin je kada ki tsaya a bakin ƙofa da littafi. Ki nemi nas ɗaya ki manne mata. Ki roƙa a bar ki ki tsotse majina ta roba, ki juya mara lafiya kowace awa 2, ki wanke masa baki, ki ɗaga kan gado zuwa digiri 30 ki kuma tambayi dalili, ki cika babbar takardar awa-awa da hannunki. Ki yi kwanan dare, don da dare ake ganin ainihin aikin, lokacin da manya suka tafi gida.

Kafin nan, a inda kike, ki mai da ɗakinki makaranta. Duk wanda ya suma ki auna hankalinsa da ma'aunin Gilasgo, daga 3 zuwa 15, ki rubuta lamba, ki daina rubuta "ba ya cikin hayyacinsa" kawai. In ya kai 8 ko ƙasa ki san hanyar iskarsa na cikin haɗari. Ki auna sukarin duk wanda ya suma kafin komai. Ki ƙirga numfashi minti guda cur, kada ki rubuta 20 don kowa 20 yake rubutawa, numfashi ne ke fara tona asirin mai lalacewa tun jini bai faɗi ba. Ki riƙa lissafin ruwan da ya shiga da wanda ya fita. Ki koyi lissafin magani na mikrogiram a kan kilo a kan minti har ya zama ba kya tsoron sa, don nan ne na ga ɗalibai sun fi faɗuwa. In kin samu kwas ɗin farfaɗo da zuciya na BLS ki yi. Ki kuma je wajen mai sa barci na tiyatarku, ki ce ya koya miki riƙe muƙamuƙi da matsa ambu yadda ƙirji zai tashi. Wannan kaɗai in kin iya shi da kyau, kin wuce rabin tsoron da na ba ki ɗazu.

In kin yi waɗannan, ki sayi fom. Ni da kaina zan ce ki saya.

Rahama
Yaya Nasiru na gode, Allah ya biya ka. Na kwafe duka. Mai sa barcinmu dattijo ne mai son koyarwa, gobe in sha Allah zan same shi. Mama, maganar mai gida mun fara ta, bai ƙi ba, ya ce in bari a ga bayan damina. Hutuna kuma yana nan ban ɗauka ba.

Abu ɗaya ya rage. Takardar neman zuwa koyon aikin, wa zan rubuta wa, ni ce zan kai ko asibiti ne zai aika?

Mama Asabe
Ke za ki rubuta wa shugaban asibitinku ta hannun shugabar nas, ki faɗi abin da kike so ki koyo da tsawon lokacin. Su kuma su rubuta wa shugaban wancan asibitin, a jawo hankalin shugaban sashen jinya. Ki karɓi takardar ki kai da hannunki, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki, ki haɗa da kwafin lasisi. Kuma tun kafin ki rubuta ki samu shugabar nas ɗinku ki gaya mata baki da baki, kada ta fara ganin maganar a takarda. Ki je mata da sunan wadda za ta riƙe diyutinki, don tambayar da za ta fara yi miki ke nan.

Auwalu
Mama, mu da ke ƙananan asibitocin sha-ka-tafi fa, ba mu da shugabar nas, ta ina za mu bi?

Mama Asabe
Ta hannun incaj ɗinka zuwa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Amma kai Auwalu ka fara neman komawa babban asibiti tukuna, ka yi aikin ɗakin kwanciya da kwanan dare, ka ga mara lafiya daga shigarsa har fitarsa. Rahama ta riga ka da wannan.